Manazarta a mujallun likitanci: yadda ake tsara su da yadda majinyaci zai bi diddiginsu

Manazarta su ne jerin rubuce-rubucen da marubuci ya dogara da su, waɗanda ake jerawa a ƙarshen maƙalar likitanci. Madogara kuwa ita ce 'yar alamar da ake sakawa a cikin rubutun, galibi lamba, daidai inda aka faɗi wata magana, don ta nuna wanne ne asalin maganar daga cikin jerin. Idan kuka ga jimla ta ce wani magani yana rage hawan jini, sannan ga ƙaramar lamba 7 a ƙarshenta, to abu na bakwai a jerin da ke ƙasa shi ne inda marubucin ya ce ya samo wannan magana.

A da, likitoci da ɗalibai ne kawai suke cin karo da waɗannan abubuwa a ɗakin karatu. Yanzu sun shigo aljihun kowa. Wanda ya tsaya a Ƙofar Kwaya da ke Katsina na ɗan lokaci zai iya jin mai tallar magani da lasifika yana cewa "bincike ya tabbatar", ya shiga kyamis a miƙa masa takardar talla mai ɗauke da sunan wata mujallar Turai, kafin ya isa gida kuma saƙo ya shigo masa ta WhatsApp wai likitocin Amurka sun gano maganin ciwon suga. A kan irin waɗannan maganganu ne wasu ke daina shan maganin da aka rubuta musu, wasu su sayar da kadara su sayi abin da ba zai amfane su ba. Sanin yadda ake tsara manazarta yana ba mara lafiya da danginsa damar tambayar inda magana ta fito, su kuma duba ko tana can.

Tambayar "in ji wa?"

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a garin Ɗan Marina da Ɗan Masani. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san ba a karɓar hadisi sai an san isnadinsa: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. Ya kuma san malaman hadisi ba su tsaya ga ganin an jero sunaye ba. Suna bincikar kowane mai ruwaya, su duba ko ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, sannan su duba maganar kanta. Da haka suka rarrabe ingantacce da mai rauni da ƙirƙirarre.

Ilimin likitanci ba wahayi ba ne, abin da aka amince da shi bana ana iya gyara shi baɗi. Amma ta fuskar bin asalin magana tunanin ɗaya ne. Jerin manazarta shi ne isnadin maƙala. Samuwarsa ba ta tabbatar da cewa maganar gaskiya ce, hanya kawai take buɗewa a je a duba. Rashinsa kuwa ya isa ya sa mutum ya dakata. Mutane da yawa suna tuna daren watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta tashin 'yan uwa daga barci ta waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Saƙon ba shi da sunan likita, ba sunan asibiti, ba sunan mujalla. An kwantar da mutane a asibiti saboda gishirin, aƙalla mutum biyu suka rasu.

Tsarin Vancouver da sauransu

Kafin ƙarshen shekarun 1970 kusan kowace mujalla tana da nata salon rubuta manazarta. Idan wata ta ƙi karɓar maƙala, sai marubucin ya sake buga dukan jerin da keken rubutu kafin ya aika wa wata. A 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a birnin Vancouver na Kanada suka amince da tsari guda, aka fara buga shi a 1979. Wannan rukuni ne ya zama kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wato ICMJE, tsarin kuma ya ci sunan garin. Cikakkun ƙa'idojinsa yanzu suna hannun Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka.

A tsarin Vancouver ana ba kowane abin dogaro lamba bisa yadda ya fara bayyana a rubutu. Na farko da aka ambata shi ne 1, na biyu 2, haka har ƙarshe. Idan an sake komawa ga na farkon a shafi na biyar, lambarsa tana nan 1. Saboda haka jerin da ke ƙasa ba ya bin haruffan abacada, yana bin lambobi. Wani lokaci za ku ga 3-6, ma'ana abubuwa huɗu ne, daga na uku zuwa na shida, suka goyi bayan maganar.

Akwai wani tsarin da ake kira Harvard, da ɗan uwansa APA, inda ake rubuta sunan marubuci da shekara a cikin rubutu maimakon lamba, jerin kuma ya bi abacada. Shi ya fi yawa a kundayen kammala karatu na jami'o'i da kwalejojinmu. Mujallun asibiti sun fi son lamba domin ba ta cika shafi. Mujallun da ake fitarwa a yankinmu, irin su Annals of African Medicine da Sahel Medical Journal na Sakkwato, da lamba suke aiki.

Karanta layi ɗaya daki-daki

Ga misali na gaske, kan aikin da aka yi a Kano da Kaduna game da yara masu sikila:

Abdullahi SU, Jibir BW, Bello-Manga H, et al. Hydroxyurea for primary stroke prevention in children with sickle cell anaemia in Nigeria (SPRING): a double-blind, multicentre, randomised, phase 3 trial. Lancet Haematol. 2022;9(1):e26-e37.

Kallon farko ya yi kama da rubutun da ba a yi don a karanta ba, amma gaɓa huɗu ce kawai.

Gaɓar farko sunayen marubuta. Ana rubuta sunan mahaifi ko na dangi cikakke, sauran sunayen a taƙaita su zuwa harafin farko, ba Dakta, ba Farfesa, ba Alhaji. Wannan yana kawo ruɗani a wurinmu, domin masu suna Abdullahi ko Ibrahim ko Usman ba su ƙirguwa, wasu kuma sunan garinsu ne ke zama sunan ƙarshe. Shi ya sa neman maƙala da sunan marubuci kaɗai kan wahalar. Kalmomin "et al." Latin ne, ma'anarsu "da wasu". Idan marubuta suna da yawa, wasu mujallu kan rubuta shida na farko, wasu uku, sannan su sa wannan. A al'adar likitanci, na farko yawanci shi ya fi yin aikin, na ƙarshe kuma shi ne babban da ya jagoranta.

Gaɓa ta biyu taken maƙalar, yadda yake ba ragi ba ƙari. Take mai kyau yana faɗin abu uku: wane magani, a kan su wa, kuma wane irin bincike. Wannan ya ce an gwada maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta taɓa samunsu. Ya ce an yi a asibitoci fiye da ɗaya, an raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kuma iyaye da likitocin da ke duba yaran ba su san wane rukuni yaro yake ba. Irin wannan gwaji yana cikin mafi ƙarfin hujja a likitanci, saboda yana toshe ƙofar son rai.

Gaɓa ta uku sunan mujalla a taƙaice. Ba kowa ke taƙaita shi yadda ya ga dama ba, akwai jerin da aka amince da shi, wanda asalinsa ke komawa ga kundin Index Medicus da aka fara bugawa a 1879. Lancet Haematol na nufin mujallar Lancet ta cututtukan jini. N Engl J Med ita ce New England Journal of Medicine, Ann Afr Med kuma ita ce ta Sakkwato da aka ambata.

Gaɓa ta huɗu adireshi ne. 2022 shekarar bugawa, 9 lambar juzu'i, 1 da ke cikin baka lambar fitowa, sannan shafi daga 26 zuwa 37. Harafin e yana nuna shafukan na bugun intanet ne. Da waɗannan lambobi ma'aikacin ɗakin karatu a ko'ina a duniya zai ciro wannan maƙala ba wata ba.

Yanzu a duba abin da layin bai faɗa ba. Uwar da ɗanta ke da sikila za ta iya ganin taken ta ce an samu maganin hana shanyewar jiki, ta aika a sayo mata a kyamis. Sai an buɗe maƙalar za a ga cewa yara 220 ne aka yi aikin da su, 'yan shekara 5 zuwa 12, kuma dukansu an riga an yi musu wani hoton jijiyoyin kai da ya nuna jini na gudu da saurin da ke nuna haɗari. Za a ga kuma dukan yaran sun sha maganin. Abin da aka kwatanta shi ne ƙaramin awo, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, da matsakaicin awo, miligiram 20. Yara 3 suka samu shanyewar jiki a rukunin farko, 5 a na biyu, bambancin da bai kai a ce wani awon ya fi wani ba ta wannan fuska, ko da yake masu shan matsakaicin awo sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. An kuma riƙa auna jinin yaran a kai a kai, domin maganin yana iya rage ƙwayoyin jini. Aiki ne mai matuƙar amfani ga yaranmu, amma amfaninsa yana bi ta hannun likitan sikila da gwajin jini.

Sauran abubuwan da ake dogara da su suna da ɗan bambanci. Littafi ana rubuta masa bugu na nawa ne, garin da aka buga, kamfanin ɗab'i da shekara. Rahoton hukuma, kamar Hukumar Lafiya ta Duniya ko NCDC, sunan hukumar ne ke zama a gurbin marubuci. Shafin intanet kuwa dole a rubuta ranar da aka duba shi, tunda ana iya sauya shi gobe. Maganar baka, ko da babban farfesa ne ya faɗa, ba ta shiga jerin manazarta, saboda mai karatu ba shi da inda zai je ya duba.

Yadda za ku duba da wayarku

Hanya mafi sauƙi ita ce PubMed, rumbun da Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ke kula da shi. Kyauta ne tun 1997, yana ɗauke da bayanin maƙalu sama da miliyan 35, kuma ba ya cin data da yawa. Ku kwafi taken maƙalar gaba ɗaya ku liƙa a wurin nema. Idan tana nan za ta fito da sunayen marubuta, mujalla, shekara da taƙaitaccen bayani. Ku gwada su da abin da aka turo muku. Idan take ya dace amma shekara ko mujalla ta saɓa, akwai abin tambaya.

Yawancin maƙalun yanzu suna da wata lamba da ake kira DOI, wadda kullum take farawa da 10 da ɗigo. Kamar lambar katin ɗan ƙasa take ga maƙala, ba ta sauyawa ko da mujallar ta sauya shafinta. Idan aka rubuta ta a shafin doi.org za ta kai mutum kai tsaye inda maƙalar take. Lambar da ba ta kai ko'ina ba, ko ta kai ga wata maƙala dabam, ko dai an yi kuskuren kwafa ko kuma ƙirƙirarta aka yi.

Rashin samun abu a PubMed ba ya nufin ƙarya ne. Mujallun Afirka da dama masu mutunci ba sa ciki. Ana samun da yawansu a AJOL, rumbun mujallun Afirka da ya fara aiki a 1998. Idan an duba PubMed, an duba AJOL, an duba Google Scholar, ba a ga ko alamar taken ba, to a ajiye maganar.

Taƙaitaccen bayanin da Turancin likitoci ake rubuta shi. Wanda ba ya jin sa zai iya neman ɗalibin jinya ko ma'aikacin lafiya na unguwa ya duba masa abu huɗu: mutane aka gwada ko dabbobi, su nawa ne, irin cutarsu ɗaya da ta majinyacinku, kuma me aka kwatanta maganin da shi.

Madogara ta gaskiya, magana ba haka ba

Wannan ita ce matsalar da ta fi wuyar ganewa, domin komai na layin daidai yake. Marubutan na nan, mujallar babba ce, shafin ma na nan, amma abin da aka jingina wa maƙalar ba shi ta faɗa ba.

A watan Janairu na 1980 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wata wasiƙa mai jimla biyar daga Jane Porter da Hershel Jick na birnin Boston. Sun duba bayanan majinyata 11,882 da aka ba magungunan kashe zafi masu ƙarfi, dangin mofin, suna kwance a asibiti, suka ga huɗu ne kawai aka rubuta sun kamu da jarabar maganin. Wasiƙa ce, ba cikakken bincike ba, kuma a kan mutanen da ma'aikatan jinya ke ba magani a gadon asibiti take magana. Ba ta ce komai ba kan wanda zai tafi gida da kwalbar ƙwayoyi ya sha wata da watanni.

Duk da haka aka yi ta kafa hujja da ita cewa waɗannan magunguna ba sa kama mutum. Wani ya ambace ta, wani ya kwafa daga wancan ba tare da ya karanta asalin ba, kamfanonin magani suka ɗauka suna talla. A 2017 wasu masu bincike a Kanada suka ƙirga suka samu maƙalu 608 da suka dogara da wasiƙar, kashi 72 cikin 100 nasu kuma sun kawo ta a matsayin shaidar cewa jarabar ba ta cika faruwa ba. Kafin lokacin annobar shan waɗannan ƙwayoyi ta riga ta hallaka dubban ɗaruruwan mutane a Amurka. Mujallar ta ƙara gargaɗi a saman wasiƙar. Mu da muka ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasa da matan aure a Arewa, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan tsadar irin wannan kuskure.

Irinsa na yau da kullum a wurinmu shi ne binciken ɓeraye. Sassan haɗa magunguna na jami'o'inmu suna yawan gwada ganyaye da saiwoyi, kamar zogale da ganyen gwanda da sauransu, a kan ɓerayen da aka sa wa ciwon suga da sinadari, ko a kan ƙwayoyin cuta a cikin kwanon gwaji. Aiki ne mai kyau, da haka ake fara neman magani. Amma matakin farko ne cikin matakai masu yawa, kuma mafi yawan abin da ya yi aiki a ɓera ba ya kaiwa ga zama maganin mutum. Mai talla zai ce jami'a kaza ta tabbatar, ya nuna takarda mai tambari, kuma takardar ta gaskiya ce. Kalmar rats ko mice ko in vitro a cikin taken ita za ta nuna muku ba a kai ga ɗan Adam ba. Mai ciwon suga da ya ajiye allurar insulin saboda irin wannan takarda yana iya faɗawa doguwar suma cikin kwanaki kaɗan.

Maƙalar da aka janye

Mujalla tana iya janye maƙala bayan ta buga, idan aka gano maguɗi ko babban kuskure. Ba a goge ta, ana barin ta da tambarin Retracted a kai, PubMed ma yana nuna hakan a saman shafin. Matsalar ita ce tsofaffin kwafi da hotunan shafin farko suna ci gaba da yawo a waya ba tambarin.

Shahararren misali shi ne maƙalar Andrew Wakefield da abokan aikinsa a mujallar Lancet a 1998, wadda ta sa aka riƙa danganta allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela da larurar galahanga, wato otizim. Yara 12 ne kacal a cikinta. Daga baya aka gano an karkatar da bayanan yaran, an kuma ɓoye cewa marubucin yana karɓar kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin ƙarar kamfanonin rigakafi. Lancet ta janye maƙalar a watan Fabrairu na 2010, a shekarar kuma hukumar likitocin Birtaniya ta soke lasisinsa. Wani bincike a ƙasar Denmark da aka buga a 2019, kan yara sama da 650,000, bai ga wata alaƙa tsakanin allurar da larurar ba. Har yau ana turo maƙalar 1998 a matsayin hujja, ƙyanda kuwa tana nan tana kashe yara a inda ba a yi rigakafi ba.

Na kusa-kusa shi ne na lokacin korona. A watan Maris na 2020 wasu likitoci a Marseille ta Faransa suka buga ƙaramin bincike da ya ce hydroxychloroquine, ɗan uwan kulorokwin, yana maganin cutar. Cikin kwanaki aka yi wawar kulorokwin a shagunan magani, aka kuma kwantar da mutane a Legas saboda sun sha ya wuce kima. Babban gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna a watan Yuni na shekarar cewa maganin bai rage mutuwa ba. Ba a janye maƙalar ta Faransa ba sai a Disamba 2024. Wato tsakanin bugawa da janyewa ana iya ɗaukar shekaru, shi ya sa likitoci ba sa sauya magani saboda maƙala guda. Suna jiran wasu su maimaita aikin, ko a tattara dukan gwaje-gwajen da aka yi kan batun a auna su tare, irin aikin da ƙungiyar Cochrane ke yi tun 1993.

Mujallun bogi da manazartan ƙirƙira

Mujalla ta ƙwarai ba ta buga maƙala sai ta aika wa wasu masana na fannin sun tantance, abin da kan ɗauki makonni ko watanni. Akwai kuma masu buɗe shafi a intanet da suna mai kama da na babbar mujalla, su karɓi kuɗi su buga duk abin da aka aiko. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya haɗa maƙalar ƙarya kan maganin kansa, cike da kurakuran da ɗalibi ma zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta buga labarin. Biyan kuɗin bugawa shi kaɗai ba laifi ba ne, manyan mujallu da yawa suna karɓa don mai karatu ya samu kyauta. Abin lura shi ne mujallar da ke alƙawarin bugawa cikin kwana uku, ko wadda ke haɗa likitanci da noma da lissafin kuɗi a fitowa ɗaya, ko wadda ba a san inda editocinta suke aiki ba.

Sabon abu kuma shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT. Idan aka nemi su kawo hujja suna iya haɗa layi mai kyan tsari, da sunayen likitoci na gaske da mujalla ta gaske da lambobin shafi, alhali babu irin wannan maƙala a duniya. Kyan tsari ba ya nuna komai a nan. Sai an liƙa taken a PubMed ko an gwada lambar DOI.

A nan ya kamata a ambaci lambar NAFDAC, domin ana yawan nuna ta kamar ita ce hujja. Lambar rajista ce, ba madogara ba. A magungunan gargajiya da yawa lambar tana ƙarewa da harafin L, wanda ke nufin hukumar ta duba cewa abin ba shi da illa a fili, amma ba ta tabbatar yana warkar da cutar da aka ce ba. Sau da yawa an rubuta hakan da ƙananan haruffa a jikin kwalin.

Idan za ku kawo wa likita

Likitoci ba sa ƙin majinyacin da ya yi karatu kan cutarsa, sai dai lokacin ganin kowane mutum a asibitocinmu kaɗan ne. Ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za ku je, ko Babban Asibiti, ko ƙaramin asibitin unguwa, abin da zai taimaka shi ne ku zo da cikakken layin: sunan marubuci na farko, take, mujalla da shekara, ko lambar DOI, a rubuce a takarda ko a hoton waya. "Na ji a WhatsApp" ba abin da likita zai iya dubawa ba ne. Da layin a hannu, cikin minti biyu zai ga ko binciken ya shafi irin cutarku da shekarunku, ko an janye shi, ko akwai wanda ya fi shi sabunta. Shekara tana da muhimmanci: maƙalar 1985 za ta ce kulorokwin ne maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma a lokacin gaskiya ta faɗa, amma Najeriya ta koma ga magungunan ACT tun tsakiyar shekarun 2000 saboda ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin.

Kafin ranar ganin likitan, ku ci gaba da shan maganin da aka rubuta yadda aka rubuta, musamman na hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, tarin fuka da ƙanjamau, waɗanda tsayar da su farat ɗaya yana da haɗari. Idan kun riga kun fara shan wani abu saboda abin da kuka karanta, ku zo da kwalin ko kwalbar, ku faɗi ranar da kuka fara da yawan da kuke sha.